George Herbert, Faston Ƙauyen Bemerton

A kudancin ƙasar Ingila akwai wani birni mai suna Salisbury. Babbar majami'ar birnin tana da hasumiya mai tsawon ƙafa 404, duk Ingila ba wadda ta kai ta. In mutum ya bar gindin hasumiyan nan ya nufi yamma, kafin ya cika mil biyu zai iske wata 'yar majami'a ta dutse a bakin hanya, da ɗan ɗakin ƙararrawa a bisa rufinta. Ita ce Majami'ar Andarawus ta ƙauyen Bemerton. Ƙarama ce ƙwarai, mutum talatin ko arba'in in sun zauna sun cika ta. Da yawa cikin ɗakunan sujada na ƙauyukanmu sun fi ta girma. Duk da haka baƙi su kan zo daga ƙasashe masu nisa domin su gan ta, saboda wani fasto da ya yi aiki a cikinta, wanda a ke kira George Herbert.

Majami'ar ta girme shi nesa. Sunan ƙauyen yana cikin babban littafin ƙidaya wanda Sarki Wiliyam ya sa aka rubuta a shekara ta 1086, ginin kuwa ya fi shekara 600 a tsaye, ko da ya ke an sha gyara shi. Fastoci da yawa sun wuce ta wurin, waɗansu har suka tsufa a kan aikin, yau sunayensu sai a takarda. Shi wannan da za mu ba da labarinsa bai cika shekara uku a ƙauyen ba.

An haifi George Herbert ran 3 ga Afril, 1593, a garin Montgomery cikin ƙasar Wales. Gidansu gidan sarauta ne, danginsu kuwa su ne masu riƙe da sarautar Pembroke, manyan fadawan Sarkin Ingila. Yana da shekara uku ubansa ya rasu, uwarsa Magdalen ta zauna da 'ya'ya goma, maza bakwai, mata uku. Mace ce mai hankali da tsoron Allah, ba ta kuwa sakar wa barori renon 'ya'yanta ba. Sa'ad da babban ɗanta Edward ya ke karatu a Jami'ar Oxford, sai ta kwashe kayanta ta koma can domin ta sa masa ido. Daga baya suka zauna a Landan. A gidanta a kan yi addu'a kowace rana, ran Lahadi da dare kuma iyali duka su taru su raira Zabura. Edward ɗin nan ya girma ya zama jakadan Ingila a Faransa, ya kuma rubuta littafi yana nuna cewa hankalin mutum ya isa ya kai shi ga ainihin gaskiyar addini. Nono ɗaya suka sha da George, amma hanya ta rabu. Iyaye masu bi waɗanda su ke kuka a kan ɗa ɗaya, suna murna a kan ɗaya, su sani ba a kansu aka fara ba.

George ya yi makarantar Westminster, a shekara ta 1609 kuma ya shiga Jami'ar Kambirij. Yaro ne mai kaifin kai, ya ƙware a Latin da Helenanci, hannunsa kuma ya iya kiɗan wani abu mai tsirkiya, ɗan'uwan molo. Amma ba shi da ƙarfin jiki, zazzaɓi ba ya barinsa ya huta. Da sabuwar shekara ta 1610, bai cika shekara 17 ba, ya aika wa uwarsa wasiƙa da waƙoƙi biyu a ciki. Ya yi mata alkawari cewa in Allah ya ba shi baiwar waƙa, ga Allah zai mai da ita, ba zai ɓatar da ita wajen yabon 'yan mata kamar yadda samarin zamaninsa su ke yi ba. Nufinsa tun daga lokacin nan shi ne ya karanta tauhidi ya shiga aikin Ubangiji. Uwarsa ma abin da ta ke so ke nan.

Sai girma ya tare hanya. A shekara ta 1620 aka zaɓe shi ya zama mai magana da bakin Jami'a. Aikinsa shi ne, in Sarki ko wani babban baƙo ya zo, shi zai tashi ya yi jawabin maraba da Latin, shi ne kuma mai rubuta wasiƙun Jami'a zuwa fada. Mu da muka san kirari mun san irin wannan aiki. Albashin ba shi da yawa, wajen fam 30 ne a shekara, amma tsani ne: ɗaya daga cikin waɗanda suka riƙe aikin kafinsa ya hau har ya zama babban sakataren mulki na Sarki. Herbert ya san haka sarai. Ya nemi aikin da ƙarfinsa, ya roƙi manya su sa masa baki, yana kuwa faɗa wa mijin uwarsa cewa wannan ba zai kau da shi daga tauhidi ba. Wasiƙar godiya da ya rubuta wa Sarki Jemis na Ɗaya, sa'ad da Sarkin ya ba Jami'a kyautar littafinsa, cike ta ke da zuga, Sarki kuwa ya ji daɗinta. Aka ce a shekarun nan Herbert yana son tufafi masu tsada, yana kuma ja da baya daga waɗanda ya ke gani ba su kai shi asali ba. Zancen naɗi aka yi ta ɗaga shi, bana sai baɗi.

Akwai abu guda da ya nuna zuciyarsa ba ta mutu ba. A shekara ta 1623 Yarima Charles ya komo daga Sifen, inda ya je neman aure bai samu ba, shi da abokansa suna ƙaiƙayin yaƙi. Herbert ne ya yi jawabin murnar komowarsa a Jami'a. Cikin jawabin ya yabi salama, ya bayyana ɓarnar da yaƙi ya ke yi. Mai neman hawa tsani ba ya faɗa wa magajin gadon sarauta abin da ba ya so ya ji. A shekara ta 1624 ya shiga Majalisar Dokoki yana wakiltar Montgomery, ya zauna ya ga yadda a ke tura ƙasa zuwa yaƙin nan.

A nan sai mu yi hankali da masu ba da labari. Mutumin da ya fara rubuta tarihin Herbert, watau Izaak Walton, ya buga littafinsa a shekara ta 1670, shekara 37 bayan rasuwarsa, shi da kansa kuwa ya yarda ganinsa kaɗai ya taɓa yi, ba su saba ba. Walton ya ce mutuwar Sarki Jemis a 1625, da ta waɗansu manya biyu masu goyon bayansa, ita ce ta kashe begen Herbert na fada, sa'an nan ya juya ga ikkilisiya. Amma masu bincike na baya sun tono takardu da su ke nuna cewa tun a watan Nuwamba na 1624, Sarki yana da rai, Herbert ya riga ya sami izni a naɗa shi dikin. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Wanda ya shiga aikin Ubangiji domin an rufe masa ƙofar ofis daban ya ke da wanda ya fita da ƙafarsa ƙofa tana buɗe. A ganina gaskiyar tana tsakani: an ja shi, an kuma tura shi, ya yi shekaru yana jan ƙafa. Waƙoƙinsa da kansu suna shaida wannan.

Majami'ar ƙauye ta fari da ta shiga hannunsa kango ce. A shekara ta 1626 Bishop na Lincoln ya ba shi wani matsayi wanda ya haɗa da majami'ar ƙauyen Leighton Bromswold. Ba a bukace shi ya zauna can ba, yana iya karɓar kuɗin wurin ya sa wani ya yi wa'azi, haka kuwa mutane da yawa su ke yi. Amma ginin ya lalace har jama'a sun yi kusan shekara ashirin ba su iya sujada a ciki. Herbert ya ɗaura niyyar tā da shi. Uwarsa ta kira shi ta ce ya mai da matsayin, gama mai raunin jiki da raunin aljihu ba shi ne zai gina majami'a ba. Ya roƙe ta ta bar shi ya saɓa mata sau ɗaya tak, domin ya riga ya yi wa Allah wa'adi. Da ta ga haka ita ma ta sa nata kuɗi, ta kuma roƙi dangi. Abokinsa Nicholas Ferrar, wanda ya ke zaune da iyalinsa cikin addu'a a Little Gidding, ba nisa da wurin, shi da ɗan'uwansa suka tsaya a kan maginan.

Wanda ya shiga majami'an nan yau zai ga abin da ba a cika gani ba. Mumbarin wa'azi yana hannu ɗaya, wurin da fasto ya ke tsayawa ya bi da addu'a yana ɗaya hannun, tsayinsu ɗaya, sassaƙarsu ɗaya. Herbert ne ya sa aka yi haka. A zamaninsa ikkilisiyar Ingila tana rabuwa, waɗansu sun ɗaukaka wa'azi sun rena addu'ar jama'a, waɗansu sun riƙe addu'a da tsari sun yi sakaci da wa'azi. Bai rubuta littafin gardama a kan wannan ba. Kafinta ya sa ya ba da amsa.

Uwarsa ta rasu a 1627. Bayan wannan ya bar aikin Jami'a, ciwo kuma ya kwantar da shi, ya yi ta jinya a gidajen dangi. Ran 5 ga Maris, 1629, ya auri Jane Danvers, 'yar dangin mijin uwarsa. Da shekara ta kewayo sai aka yi masa tayin gundumar Fugglestone da Bemerton.

Bari in ɗan bayyana wa mai karatu yadda abin ya ke. Tun zamanin dā an rarraba ƙasar Ingila duka gunduma gunduma, kowace da majami'arta, da gidan fasto, da gona, a zamanin Herbert kuwa manoma suna ba da zakkar amfanin gonarsu domin riƙon fasto. Kowane mutum da ke zaune cikin iyakar gunduma, mai zuwa sujada da marar zuwa, yana wuyan faston. A gefen majami'a a ke binne matattu, a littafinta a ke rubuta baftisma da aure da mutuwa. A lokacin, babbar majami'ar wannan gunduma ita ce ta Bitrus a Fugglestone, kusa da Wilton inda babban gidan danginsa na Pembroke ya ke. Ta Bemerton reshe ce kawai, amma gidan fasto yana daura da ita, tsallaken hanya, bayansa kuma ga kogin Nadder. Sarki Charles, wanda dā Herbert ya yi wa jawabin salama, shi ya sa hannu a takardar.

Herbert ya yi wajen wata guda yana azumi da addu'a, yana jin tsoron lissafin rayuka da zai bayar. Wani abokinsa na fada ya riga ya faɗa masa cewa aikin fasto ƙasƙanci ne ga mai asali da ilimi irin nasa. Amsar da ya ba shi ita ce, barorin gidan Sarkin sama ya kamata su fito daga gidaje mafi daraja a duniya, in kuwa zamani ya rena sunan fasto, shi zai yi ƙoƙari ya mai da masa darajarsa. Ran 26 ga Afril, 1630, aka danƙa masa gundumar. Al'adarsu ce a rufe sabon fasto shi kaɗai cikin majami'a ya kaɗa ƙararrawa, alamar ya karɓi wurin. Walton ya ce Herbert ya daɗe bai fito ba, har wani abokinsa ya leƙa ta taga, ya gan shi kwance rub da ciki a gaban bagadi. Ya ajiye takobi da tufafin alharini. Ya ce wa matarsa daga yau ita matar fasto ce, sai ta manta da girman gidan ubanta, kada ta nemi gaba da kowace mace a gundumar. A watan Satumba na shekaran nan aka naɗa shi cikakken fasto a babbar majami'ar Salisbury, yana da shekara 37.

Ni ma na san wani abu kaɗan game da wannan jan ƙafa. Da na gama makarantar Littafi Mai Tsarki aka aike ni wani ƙauye da mota ba ta zuwa da damina. Na yi mako guda ban kwance akwatina ba, ina jira ko za a gane an yi kuskure. Ni kuwa ba ɗan sarki ba ne, ban taɓa yi wa kowane sarki jawabi ba.

Ya iske majami'ar tana bukatar gyara, gidan fasto kuwa ya kusa zubewa, gama wanda ya riga shi yana zaune a wani wuri mai nisa. Ya gyara duka biyu da kuɗinsa. Ya bar wa magajinsa ɗan rubutu a gidan, ma'anarsa ita ce, in ka sami gida a gine ba da kuɗinka ba, ka yi wa matalauta alheri, wahalata ba ta zama banza ba.

Wa'azinsa na fari daga Misalai 4:23 ya ɗauko shi, ya kuwa yi shi da dukan gwanintar mai magana da bakin Jami'a. Da ya gama sai ya faɗa wa manoman cewa ba za su ƙara jin irin wannan daga bakinsa ba, daga yanzu magana mai sauƙi zai yi musu. Ya cika alkawari. Ya bi tsarin sujada da su daki daki, yana nuna musu dalilin kowace addu'a, da abin da ya sa a ke tsayawa a nan a durƙusa a can, domin kada su yi ta amsawa kamar aku. Ran Lahadi da yamma ya kan yi musu tambaya da amsa na rabin sa'a. Kowace rana kuma, da ƙarfe goma na safe da ƙarfe huɗu na yamma, ya kan tsallaka hanya da matarsa da dukan mutanen gidansa su yi addu'a a 'yar majami'ar. Walton ya ce har manoma a gona, in sun ji ƙararrawar, su kan tsai da garma su yi addu'a, sa'an nan su koma bakin aiki.

Allah bai ba su haihuwa ba, amma gidan bai rasa yara ba. 'Yar'uwarsa ta rasu ta bar 'yan mata marayu. Aka so a raba su cikin dangi, ya ce a'a, tare suka tashi, rabuwa za ta karya musu zuciya. Ya ɗauki biyu, daga baya ta ukun ma ta zo. Matarsa kuwa ita ce ma'ajin matalauta, a hannunta ya ke sa kashi ɗaya cikin goma na zakkar da ta shigo, ta kan sayi barguna da takalma ta rarraba.

Sau biyu a mako ya kan taka zuwa Salisbury domin ya ji waƙar sujada a babbar majami'a, bayan an tashi kuma ya zauna da abokansa su yi kiɗa. Wata rana, in ji Walton, ya iske wani matalauci a hanya, dokinsa ya faɗi ƙarƙashin kaya. Ya tuɓe rigarsa ta fasto, ya taimake shi sauke kayan, suka tā da dokin, suka sāke labta masa, ya ba mutumin kuɗi, ya gargaɗe shi ya ji tausayin dabbarsa. Ya isa wurin abokansa duk taɓo, shi da aka sani da tsabta. Ɗaya ya ce ya zub da girmansa. Ya amsa cewa tunawa da abin da ya yi zai zama masa kiɗa da tsakar dare, da ya wuce kuwa, da lamirinsa ya dame shi duk ran da ya bi ta wurin. Sa'an nan ya ce su gyara tsirkiya su fara.

A Bemerton ya rubuta wani ɗan littafi a kan aikin faston ƙauye, domin ya kafa wa kansa abin da zai auna. Sai a 1652 aka buga shi. Na so a ce kowane ɗalibin makarantar Littafi Mai Tsarki ya san abin da ke ciki. Ya ce wa'azi kada ya wuce sa'a guda. Ya ce mutanen ƙauye sun fi riƙe labari da karin magana bisa ga dogon gargaɗi, saboda haka fasto ya tanade su. Ya san aikin gona, domin ya ɗauko misali daga abin da jama'a su ke taɓawa da hannu. Ya san 'yar shari'a domin ya sulhunta maƙwabta kafin su kai ƙara, ya san itatuwan magani, shi ko matarsa. Ya ziyarci mutane a ranakun aiki, sa'ad da ba su sa rigar Lahadi ba, ya shiga bukka mafi ƙanƙanta ko da sai ya sunkuya, ko da tana wari. Ya kira mutanen gundumar su ci abinci a gidansa bi da bi, kada a tsallake kowa. Majami'a kuma a share ta, a gyara tagogi da daɓe, littattafai su zama cikakku ba yagaggu ba, a sa akwatin matalauta. Akwai wata magana da ta ba ni dariya, domin na ga irinta. Ya ce waɗansu manya su kan makara da gangan, don kada su shiga sujada tare da talakawa, a kuma tashi a dube su sa'ad da su ke shigowa. Fasto ya yi musu gargaɗi a hankali, in sun ƙi ya kai su gaban hukuncin ikkilisiya, kome girmansu. Mai wannan magana ɗan sarauta ne, gidan danginsa kuwa yana bakin gundumarsa.

Zancen karin magana ba a baki kaɗai ya tsaya ba. Ya tattara fiye da dubu daga harsunan Faransa da Italiya da Sifen ya juya su da Turanci, aka buga su a 1640. Mutumin da ya yi wa sarakuna Latin ya ƙare yana tsintar maganar tsofaffi.

Amma kada a ɗauki labarin nan a mai da shi bulala a kan fastocin ƙauye. Herbert yana da dangi masu dukiya, yana da mataimaka biyu a aikin gunduma, da barori a gida. Wanda ya ce wa faston da ke noma da hannunsa domin ya ci da iyalinsa ya rufe majami'a da kuɗinsa kamar Herbert, bai yi adalci ba. Walton kuma mai son gyara labari ne, ya kan shafa wa mutanensa mai har su yi ƙyalli. Ba na tsammani dukan manoman Bemerton sun tsai da garma. Littafin Herbert da kansa yana kuka da nauyin kan mutanen ƙauye, da barci cikin sujada, da son abin duniya. Ƙauyensa ƙauye ne kamar kowane.

Abin da jama'arsa ba su sani ba shi ne, fastonsu yana da wani littafi a ɓoye. Tun yana Kambirij ya ke rubuta waƙoƙi, a Bemerton ya ƙara, ya shirya su, sun fi 160. Ya tsara littafin kamar mutum yana shiga majami'a: a fara daga shirayi, a ƙetare bakin ƙofa, a iske bagadi. Akwai waƙa a kan daɓen majami'a, da makullinta, da kaburburan da ke ciki, da tagoginta. Kowane abu na ginin ya mai da shi hoton zuciyar mutum. Bagadin zuciya ce da ta karye. Tagar gilas mai wa'azi ne, abu mai saurin fashewa, wanda ba shi da haske nasa sai wanda ya ratsa ta cikinsa. Waɗansu waƙoƙin ya jera layukansu har suka yi siffar abin da su ke magana a kai, ɗaya kamar bagadi, ɗaya kamar fukafukai. Ba kuwa waƙoƙin mutum mai kwanciyar rai ba ne. A ciki yana gunaguni a kan ciwo, yana tuna fada da abin da ya bari, yana ƙara cewa Allah ya yaudare shi ya kawo shi inda ba shi da amfani. Cikin ɗaya har ya buga tebur ya ce zai tafi abinsa, ya yi ta faɗa, sai ya ji kamar ana kiransa da sunan ɗa, ya amsa. Wanda ya ke zaton kira yana kashe kokawa, bai karanta Irmiya ba, bai kuma san Herbert ba.

Tarin fuka ya ci ƙarfinsa. Ya kai ba ya iya tsallaka hanya, mataimakinsa ya ke karanta addu'a. Nicholas Ferrar ya aiko wani fasto mai suna Edmund Duncon ya dubo shi. Herbert ya ba shi littafin ya kai wa Ferrar, ya ce a faɗa masa hoton kokawar da ta gudana tsakanin Allah da ransa ke nan, kafin ya iya miƙa wuya ga nufin Yesu Ubangijinsa. In Ferrar ya ga zai taimaki wani mai karayar zuciya, a buga, in ba haka ba, a ƙone. Ya rasu ran 1 ga Maris, 1633, saura wata guda ya cika shekara 40. Aka binne shi a ƙarƙashin daɓen 'yar majami'ar, wajen bagadi, ba a kuwa sa dutse mai sunansa a kan kabarin ba.

Ferrar bai ƙone littafin ba. A shekaran nan aka buga shi a Kambirij da sunan The Temple, watau Haikali, aka yi ta sāke bugawa. A 1642 yaƙin basasa ya tashi a Ingila tsakanin Sarki da Majalisa. Waɗansu takardun Herbert da matarsa ta adana sun ƙone cikin yaƙin. A 1649 aka sare kan Sarki Charles, cikin waɗanda suka sa hannu a takardar hukuncin kuwa har da mijin uwar Herbert. Amma littafin ya ratsa sansani biyu. Sarki ya karanta shi sa'ad da ya ke tsare, Richard Baxter kuma, wanda ya yi wa sojan Majalisa aikin fasto, ya yabe shi ƙwarai. Bayan shekara ɗari John Wesley ya gyara waɗansu waƙoƙin domin a raira, har yau ana raira kaɗan daga cikinsu a ikkilisiyoyi masu sujada da Turanci.

Bemerton ba ƙauye ba ne yanzu, birnin Salisbury ya miƙe ya haɗiye shi. Da jama'a suka yi yawa aka gina babbar majami'a kusa, ta Yohanna, domin tunawa da Herbert, aka gama ta a 1861. A shekara ta 2010 aka rufe wannan babbar, sai a 2016 aka sāke buɗe ta, ta zama ɗakin taron unguwa, ana kuma yin sujada a wani sashinta. Ƙaramar ta Andarawus tana nan, ana sujada a ciki. An sa mata tagar gilas mai launi da hoton Herbert da na abokinsa Ferrar, bayan cikar shekara 300 da rasuwarsa. Gidan fasto yana tsallaken hanya inda ya ke, ko da ya ke ba fasto ne a ciki ba. A bango kusa da bagadi akwai ɗan dutse da baƙaƙe biyu, G.H., da shekara, 1632. Baƙi su kan zaci kuskure ne. Ba kuskure ba ne: a zamanin nan Turawan Ingila ba su juya shekara sai ran 25 ga Maris, saboda haka bisa ga lissafin waɗanda suka binne shi, ran 1 ga Maris tana cikin tsohuwar shekara.